Tambayoyinku: Ajiyar Abinci Don Ranar Da Kasuwa Ba Ta Ci Ba

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan kwanakin nan mafi yawansu a kan abu guda suke: me ya kamata gida ya tanada saboda ranar da ambaliya ta tare hanya, ko aka sa dokar hana fita, ko wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa. Mun zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne a gida, ni da mai ɗakina da yara huɗu. Ina son in fara ajiya amma ban san abincin kwana nawa ya kamata in tanada ba, balle yawansa. (Daga wani magidanci)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙasashe sun bambanta a kan yawan kwanakin. A watan Maris na 2025 Tarayyar Turai ta shawarci mazaunanta su tanadi abin da zai riƙe su awa 72 ba tare da taimakon kowa ba. Hukumar kare fararen hula ta Jamus ta daɗe tana cewa kwana 10. Ƙungiyar Red Cross ta Amurka kuwa ta raba abin biyu: na kwana 3 wanda za a iya ɗauka a gudu da shi, da na mako 2 wanda za a ci a gida. Wannan rabon shi ya fi kwanta mana a rai. Ka fara cika na kwana 3, sannan ka riƙa ƙarawa har ka kai mako 2.

Lissafin da hukumomin agaji ke yi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Idan aka mai da shi abinci busasshe, zai zama kusan haka: giram 420 na hatsi (shinkafa, alkama, masara ko taliya), giram 60 na wake, giram 30 na man girki, giram 20 na sukari, da giram 5 na gishiri. A mako 2, mutum ɗaya zai buƙaci kimanin kilo 6 na hatsi, wake ɗan ƙasa da kilo 1, da rabin litar mai. Gidanka mai mutum shida ke nan kilo 36 na hatsi, kilo 5 na wake, lita 3 na mai, kusan kilo 2 na sukari, da rabin kilo na gishiri. Ka ƙirga kowane yaro a matsayin babba ko da ba ya cin haka. Rarar da za ta fito ita ce za ta rufe baƙon da ba a yi tsammani ba, da tukunyar da ta ƙone.

Man girki shi mutane suka fi rainawa a wannan lissafi, alhali giram ɗaya na mai kalori 9 ne, ya ninka na shinkafa fiye da sau biyu. Ga ƙaramin yaro mai ƙaramin ciki, cokali ɗaya na mai a cikin abincinsa ya fi masa ƙarin tulin shinkafar da ba zai iya cinyewa ba.

Wannan lissafi na riƙe rai ne kawai. Ka haɗa da abin da zai sa a iya cin abincin: tumatirin gwangwani, busasshiyar albasa, kayan ƙamshi, ganyen shayi, madarar gari, kifin gwangwani. Yara da tsofaffi kan ƙaurace wa abinci idan kullum iri ɗaya ne babu ɗanɗano, ko da kuwa suna jin yunwa. Na kwana ukun farko kuma ya zama wanda ake ci ba sai an hura wuta ba: biskit, dabino, gyaɗa, kifi ko waken gwangwani. Kar ka manta da mabuɗin gwangwani na hannu da ashana a cikin leda.

Ba sai ka saya a rana ɗaya ba. Duk lokacin da za a yi cefane, a ƙara abu ɗaya ko biyu a kan na yau da kullum. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da kowa ya ruga kasuwa ita ce ranar da kaya ke ƙarewa.

Tambaya: Na tara buhunan abinci, sai wani ya ce min na fara ta baya, wai ruwa ne kan gaba. Nawa ake ajiyewa, kuma ba ya lalacewa? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Gaskiya ya faɗa miki, Malama. Mutum na iya yin makonni babu abinci, amma babu ruwa 'yan kwanaki ne. Ga kuma shinkafa da wake, ba sa ciwuwa sai da ruwa. Mafi ƙanƙantar abin da za ki ajiye shi ne lita 4 ga kowane mutum a rana, na sha da ɗan girki. Ƙungiyoyin agaji lita 15 suke lissafawa idan an haɗa da wanke hannu da kwanuka da tsabtar jiki. A lokacin zafi, ko idan akwai mai shayarwa ko mara lafiya, lita 4 ba za ta isa ba. Gida mai mutum shida na buƙatar lita 72 a kwana 3, wato jarka huɗu masu cin lita 20. Mako 2 kuwa lita 336 ne, jarka 17. Ba kowane gida ke da wurin ajiye wannan ba, shi ya sa sanin yadda ake tsabtace ruwa yake da muhimmanci kamar ajiye shi.

Jarkar da aka taɓa zuba wa fetur, kananzir ko maganin ƙwari ba ta sake zama ta ruwan sha, komai wankin da aka yi mata, domin roba na tsotse su. Wadda ta dace ki wanke ta da sabulu, ki zuba cokalin shayi ɗaya na bilic (ruwan wankin da ke cire tabo daga fararen kaya) a cikin litar ruwa, ki girgiza ya taɓa ko'ina a cikinta, ki bar shi daƙiƙa 30, ki zubar. Ki cika ta, ki rufe tam, ki rubuta kwanan wata a jikinta, ki ajiye a inuwa nesa da man fetur. Duk wata 6 a juye a sabunta. Jarkoki da yawa sun fi duro ɗaya: duro mai lita 200 nauyinsa kilo 200 ne, babu mai ɗaga shi idan tashi ya kama, kuma idan ya gurɓata duka ruwan ya tafi. Mai ƙaramin baki ta fi, don kar a riƙa tsoma hannu da kofi.

Idan ajiyar ta ƙare kika koma ga ruwan da ba ki yarda da shi ba, tafasawa ta fi komai. Ya ɓararraka na minti 1, a wurare masu tsayin da ya haura mita 2,000 kuwa minti 3. Idan makamashi ya yi ƙaranci, bilic ɗin wanki mara turare mai ƙarfin kashi 5 zuwa 9 cikin 100 yana aiki: ɗigo 2 a kowace lita, a motsa, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warin kilorin, wato warin bilic ɗin. Idan ba a ji ba, a maimaita. Ruwan da ya dagule a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a ninka ɗigon. Abu biyu ki riƙe: bilic na rasa ƙarfinsa idan ya daɗe, don haka wanda ya shekara a canza shi, kuma tafasawa da bilic ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire man fetur ko guba daga ruwa.

Akwai kuma hanyar rana: a cika fararen robobin ruwa marasa launi, waɗanda ba su wuce lita 2 ba, a kwantar da su a rana mai ƙarfi awa 6, ko kwana 2 idan akwai gajimare. Sai dai ruwan ya zama garau tun farko.

Tambaya: Malamai, duk lokacin da na ajiye wake ko masara, kafin wata uku ƙwari sun mai da su gari. Buhun kuma a ɗaure yake. Ta ina suke shiga? (Daga wata uwar gida)

Amsa: Hajiya, yawanci ba shiga suke yi ba, da su kika sayo. Ƙwaron yana saka ƙwansa a jikin ƙwayar ko a cikinta tun daga gona ko rumbu. Tsutsar na girma a ciki tana ci, ramin da kike gani ƙofar fitarta ce bayan ta gama ɓarna. A yanayin zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro kusan wata ɗaya ne, shi ya sa buhun da ya yi kyau yau yake zama gari bayan wata uku.

Hanya mafi sauƙi ita ce a hana su iska. Akwai buhu mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fi sani da PICS, aikin masana na Jami'ar Purdue ta Amurka. Ana zuba hatsin, a matse iskar da ke sama, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shaƙe iskar da ta rage, sai su daina ci su mutu. Jarka busasshiya mai murfi mai kyau ita ma tana yin wannan aiki, muddin an cika ta har wuya ana bubbugawa don hatsin ya zauna. Abin da ke ɓata wannan hanya guda biyu ne: huda, ko da ta bakin allura ce ko haƙorin ɓera, da yawan buɗewa. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwarin. Saboda haka ki raba: babban mazubi a rufe shi a manta da shi, ƙarami kuma na ɗiban yau da kullum.

Idan kayan kaɗan ne kuma akwai firiza mai ƙarfi, a ƙulle su a leda a saka na mako guda a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, yana kashe har ƙwan. Bayan an fito da su kar a kwance ledar sai sun huce sanyin gaba ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kansu, a gudu daga ƙwari a faɗa wa danshi.

Danshin ma shi ne babban abokin gaba, ya fi ƙwari haɗari. Ƙwaro asarar abinci yake jawowa, funfuna kuwa tana iya taɓa rai. Wata irin funfuna da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afilatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317, 125 daga cikinsu suka rasu. Hatsin da ya yi kore-kore ko baƙi-baƙi, ko ya dunƙule, ko yake warin danshi, a zubar. Kar a wanke a shanya a ce an gyara, kar kuma a ba dabbobin da ake tatsa, don gubar na fitowa a madara.

Kafin ki rufe hatsi ki tabbatar danshinsa bai wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba. Ga gwajin da ba ya buƙatar na'ura: ki sami kwalba busasshiya ƙarau, ki zuba hatsin ya kai kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sosai, ki rufe, ki girgiza minti 1, ki ajiye minti 15, ki sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Idan ya zube ƙasa warwar, ya isa rufewa.

Wurin ajiya kuma: buhu ba ya zama a kan siminti kai tsaye, siminti na tsatso danshi. A ɗora a kan katako, a bar tazarar kamu ɗaya ko biyu tsakaninsa da bango, don iska ta zagaya kuma a iya ganin kashin ɓera idan ya fara zuwa. Ɗakin da ya fi sanyi da duhu a gidan shi ne na ajiya. Zafi na cin kwanan abinci. Ƙarin digiri 10 yakan rage daɗewarsa da kusan rabi.

Tambaya: Akwai ƙwayar da 'yan kasuwa ke sakawa a buhu don kashe ƙwari. In naɗe ta a tsumma in saka a nawa? (Daga wani mai karatu)

Amsa: A'a, Malam, kar ka kuskura. Wannan ƙwaya da ta haɗu da danshin iska sai ta riƙa fitar da iskar guba mai suna fosfin, wadda ke ratsa buhu da ƙofa da tsagar bango ta isa ɗakin kwana. Ta sha kashe iyalai suna barci, yara ne kuma kan fara tafiya, kuma babu wani makarinta a asibiti. Aikin ƙwararru ce a rumbun da ke nesa da inda mutane ke kwana. Haka ma barbaɗa maganin feshin gona a kan abin da za a ci. Ledar da ba ta shan iska tana yin aikin ba tare da ka sa iyalinka a haɗari ba.

Tambaya: Ina da gwangwanayen da kwanan watan da ke jikinsu ya wuce. In zubar? (Daga wata ɗaliba)

Amsa: Ki fara duba wane irin kwanan wata ne. Akwai wanda ke nufin abincin ya fi daɗi da kyau kafin ranar, akwai wanda ke nufin kar a ci bayan ranar. Na farkon shi aka fi gani a gwangwani da busasshen abinci, kuma wucewarsa ba ta mai da abincin guba. Na biyun a kan abin da ke saurin lalacewa yake, shi ba a wasa da shi. Madarar jarirai ma ba a wuce ranarta.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta cewa gwangwani mai abinci mai tsami, kamar tumatir da 'ya'yan itace, yana riƙe ingancinsa wata 12 zuwa 18, domin tsamin na cin ƙarfen a hankali. Mara tsami, kamar kifi, nama da wake, shekara 2 zuwa 5, idan an ajiye a wuri mai sanyi da bushewa.

Jikin gwangwanin ya fi rubutun faɗin gaskiya. Ki zubar da duk wanda murfinsa ko gindinsa ya kumbura, wanda ke yoyo, wanda ya lotse sosai musamman a kan layin haɗinsa, wanda tsatsa ta ci har ba ta gogewa, da wanda ya yi feshi ko kumfa da aka buɗe shi. Abin tsoron wata ƙwayar cuta ce da ke rayuwa inda babu iska, tana fitar da gubar da ke shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara. Ana kiran ciwon botulizim. Gubar ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba, kuma ɗan lasa kaɗan ya isa ya kwantar da mutum. Don haka babu zancen a ɗanɗana a ji. A ƙulle shi a leda a jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba.

Wata shawara: ki sayi ƙanana. Babban gwangwani da aka buɗe babu firiji dole a cinye shi a zama ɗaya ko a yi asara.

Tambaya: Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, me zan fara ci, kuma yaushe naman firiza yake zama na zubarwa? (Daga wani magidanci)

Amsa: Ka fara da abin da ke firiji, sai na firiza, na kan kanta ya zo ƙarshe. Mutane da yawa kan buɗe gwangwani tun ranar farko, su bar nama yana narkewa.

Firijin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza cikakke awa 48, wanda yake rabi awa 24. Saboda haka gurbin da babu komai a firiza a cike shi da robobin ruwa. Idan suka daskare suna tsawaita sanyin, in sun narke kuma ruwan sha ne. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya dafa shi ko a mayar. Wanda ya narke ya yi ɗumi fiye da awa 2, ko awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32, a haƙura da shi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, kuma wasu na barin gubar da sake dafawa ba ta kawar da ita. Dafaffiyar shinkafar da ta kwana a waje tana cikin irin wannan. Lokacin da zuwa asibiti ke da wuya, gudawa ta fi asarar kilo ɗaya na nama tsada.

Tambaya: Gas ɗina ba ya wuce 'yan makonni, wake kuma cin wuta gare shi. Yaya zan yi idan babu inda zan sake cikawa? (Daga wata uwar gida)

Amsa: Wannan tambaya ta fi yawancin waɗanda muka samu muhimmanci, domin buhun da ba a iya dafa abin da ke cikinsa bai amfana komai ba. Da farko ki san cin wutar gidanki: ki rubuta ranar da aka cika tukunyar gas da ranar da ta ƙare. Daga nan ki san ko kina buƙatar ta biyu a ajiye. Ki kuma tanadi hanyar girki ta biyu wadda ba ta dogara da ta farko ba, gawayi ko itace ko risho.

Jiƙa wake awa 8 zuwa 12 yana rage lokacin dahuwarsa sosai. Waken da ya daɗe a ajiye, musamman a zafi da danshi, yakan yi tauri ya ƙi nuna komai daɗewarsa a wuta. Ɗan bekin soda a bakin cokali yana taimakawa, amma maganin gaskiya shi ne kar a bar wake ya shekara biyu ba a juya shi ba. Tukunya a rufe kullum, ruwa daidai buƙata, wuta a rage da zarar an tafasa. Tukunyar da ke dafawa da matsin tururi tana mai da girkin awa ɗaya ya koma na mintoci.

Akwai dabarar da ta kamata kowane gida ya gwada tun kafin buƙatarta ta zo. A tafasa shinkafa minti 5, a sauke tukunyar da murfinta, nan take a naɗe ta da bargo mai kauri ta kowane gefe har ƙasa, a cusa a kwando ko kwali, a bar ta kamar awa 1. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar. Jiƙaƙƙen wake a tafasa shi minti 15 zuwa 20, a naɗe awa 3 zuwa 4. Kar a buɗe don leƙawa. Idan aka kwance aka tarar abincin ya koma ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci. Jan wake mai siffar ƙoda dole ya ɓararraka sosai aƙalla minti 10 kafin a naɗe shi, saboda yana da wata guba da sai tafasa mai ƙarfi ke kashewa.

Gawayi kuma ba a hura shi a rufaffen ɗaki, ko don girki ko don jin ɗumi. Yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da kasala ne alamunta, mai barci kuwa ba ya farkawa. Janareta ma haka, a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga.

Tambaya: Ina da jaririya 'yar wata huɗu, ga kuma mahaifiyata mai ciwon sukari da hawan jini. Me zan ware musu? (Daga wata mai jego)

Amsa: Allah ya raya, ya kuma ba Mama lafiya. Ga jaririyar, nononki shi ne ajiyarta: ba ya buƙatar ruwa ko wuta, kuma yana kare ta daga gudawa. Har ta cika wata 6 ba ta buƙatar komai bayansa, ko ruwa. Tashin hankali na iya jinkirta saukar nono na ɗan lokaci amma ba ya ƙafar da shi. Yawan ba ta shi ne ke ƙara shi. Ke za a ƙara wa abinci, kimanin kalori 500 a rana, da ruwa isasshe.

Idan madarar gwangwani take sha, ki ajiye ta mako 2 da ruwanta na musamman. Garin madarar ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a dama shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, wato tafasasshen ruwan da bai wuce minti 30 da saukewa ba, sannan a huce kafin a ba ta. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Idan ruwan wanki ya yi ƙaranci, ƙaramin kofi ya fi bulumboti sauƙin tsabtacewa. Kar a ba yaron da bai shekara ba zuma.

Mama kuwa magungunanta su ne kan gaba: kar su taɓa sauka ƙasa da na mako 2, a kuma rubuta sunayensu da yadda ake sha a takarda a saka a leda. Idan allurar insulin take yi, yawancin nau'o'inta suna jure kwana 28 a wajen firiji muddin zafi bai kai digiri 30 ba, ba a barin ta a rana, ba a kuma daskarar da ita. Likitanta zai faɗa muku na irin tata. A ajiye ɗan sukari kusa da ita saboda faɗuwar sukarin jini idan abinci ya yi jinkiri. Abincin gwangwani gishiri gare shi. Tsiyaye ruwansa da ɗauraye waken yana rage shi sosai.

Ki kuma ajiye ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa. Idan babu, ana haɗawa: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kar a ƙara gishirin, yawansa na cutar da yaro. Abin da ya kwana ɗaya a zubar a haɗa sabo.

Tambaya: Ni so nake in ajiye na shekara guda, shinkafa zalla, tunda ita ce ba ta lalacewa. (Daga wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, farar shinkafa tana daɗewa ƙwarai, busasshiya a mazubin da aka cire wa iska, a wuri mai sanyi, tana iya haura shekara 20. Wadda ba a cire wa dusa ba kuwa kimanin wata 6 take yi, saboda man da ke cikin dusar yana lalacewa. Dalilin da ya sa gari ba ya kai ƙwaya daɗewa ke nan: da an niƙa, iska ta sami hanya. Sukari da gishiri ba sa lalacewa in ba su jiƙe ba. Man girki shi ne mai gajeren kwana, kamar shekara guda. Idan ya canza wari yana maƙaƙi a wuya ya tashi daga aiki, don haka ƙananan robobi a duhu sun fi babbar jarka.

Amma shinkafa zalla wata da watanni cuta ce. Farar shinkafa kaɗai na jawo ciwon beriberi saboda rashin bitamin B1, masara kaɗai na jawo felagira saboda rashin B3, rashin bitamin C kuma cikin wata 1 zuwa 3 dasashi ya fara zubar da jini. An ga dukkan ukun a sansanonin 'yan gudun hijira da suka dogara da hatsi iri ɗaya. Wake da gyaɗa da kifi suna toshe biyun farko. Tumatir da 'ya'yan itacen gwangwani suna taimakawa a na ukun.

Sai maganar juyawa, wadda a nan ne yawancin masu ajiya ke faɗuwa. Ka ajiye abin da gidanka ke ci dama, ka riƙa ci daga ciki kana mayarwa. Sabo ya tafi baya, tsoho ya matso gaba, kowane mazubi da kwanan watan sayensa da babban rubutu. Sau biyu a shekara a sauke komai a duba. A ganinmu ajiyar wata ɗaya da ake juyawa ta fi ta shekara da aka kulle aka manta.

Tambaya: Ruwan ambaliya ya shiga ɗakin ajiyarmu. Akwai abin da za a iya ceta? (Daga wata mai karatu)

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Ruwan ambaliya gauraye yake da na masai da man inji da magungunan gona. Duk abin da ke buhu, kwali ko takarda da ruwan ya taɓa ya tafi, haka kwalabe da robobi masu murfin murɗawa, domin ƙazanta na maƙalewa a ƙarƙashin murfin inda wanki ba ya kaiwa. Gwangwanin ƙarfe da bai lotse ba, bai kumbura ba, shi ake ceta: a cire takardar jikinsa, a wanke da sabulu, a ɗauraye, sannan a tafasa shi minti 2 ko a jiƙa minti 15 a ruwan da aka sa wa babban cokali 1 na bilic a kowace lita 4. A bar shi ya bushe da kansa, a rubuta abin da ke ciki da kwanan watansa a kan murfin, a kuma fara cin sa kafin sauran, don tsatsa ba ta daɗewa ba ta kama shi ba. Cokulan katako da kan bulumbotin jarirai da ruwan ya taɓa su ma a jefar. Idan za ku sake jera kaya, kanta mafi tsayi ta zama ta magunguna da abincin kwana ukun farko.